Harafi a Kan Bango: Matsalolin Harshe a Zanen Fosta da Tambari a Gundumomin Aguié, Gazawa da Gidan Rumji

Gabatarwa

A makarantun da ake koyar da zanen talla akwai wani aiki da kusan kowane ɗalibi kan ci karo da shi tun farkon karatunsa. Akan ba shi sunan wata ƙungiya da saƙon da take son isarwa, a ce ya fito mata da tambari da fosta. Malami kan auna aikin da ma'aunin zane, wato dacewar launi, da girman haruffa, da yadda ido zai bi shafin daga sama zuwa ƙasa. Sai dai idan ɗalibin ya zauna ya yi bitar aikinsa bayan an maido masa da shi, zai tarar cewa tun kafin ya zaɓi launi ya riga ya yanke hukunce-hukunce da dama waɗanda na harshe ne. Ya zaɓi irin rubutun da zai yi amfani da shi, da ƙa'idar da zai bi, da karin harshen da zai ɗauko kalmomi daga cikinsa, da wanda zai fuskanta da maganar.

Wannan maƙala ta ɗauki misalin irin wannan ɗalibi. A ƙaddara an ba shi aikin zana tambari da fosta ga wata ƙungiyar manoma da ke yayata sassabin zamani a gundumomi uku na jihar Maraɗi. Za a bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, domin a ga wuraren da ilimin kimiyyar harshe yake da ta cewa.

Fagen aikin

Gundumomin uku suna kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Gidan Rumji tana yamma da birnin Maraɗi, kuma a cikinta garin Tibiri yake, mazaunin sarautar Gobir. Aguié da Gazawa suna gabas, a kan hanyar Tasawa. Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan da aka cire ta daga Aguié.

Sassabin zamani kuwa wata dabara ce ta raya itatuwa ba tare da dashe ba. Maimakon manomi ya sare duk tohon da ya fito daga kututturen kalgo ko sabara ko gawo lokacin sharar gona, sai ya zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi ya bari, ya rage sauran, ya ci gaba da kula da su har su zama itace. Dabarar ta bazu a jihar Maraɗi tun daga shekarun 1980, kuma ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Aguié yana cikin wuraren da suka yi suna da ita. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya a kudancin Nijar. Saƙon da ɗalibin zai ɗora a fosta ya shafi itacen girki da abincin dabbobi da ƙarfin ƙasar noma, saboda haka kuskure a cikinsa yana da tsada.

Akwai kuma wani dalili da ya sa batun ya zama na gaggawa. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ana iya sa ran rubutun Hausa zai yawaita a alluna da bangaye. Mutumin da bai taɓa buɗe littafin ƙa'idojin rubutu ba, daga waɗannan alluna zai koyi yadda ake rubuta harshensa, ko daidai ko akasin haka.

Suna ɗaya, rubutu biyu

Matsala ta farko tana jiran ɗalibin a layin adireshi. A takardun hukuma da taswira ana rubuta Guidan Roumdji da Gazaoua da Tessaoua, alhali a ƙa'idar Hausa Gidan Rumji ne da Gazawa da Tasawa. Bambancin ya samo asali daga yadda Faransanci ke karanta haruffa. A Faransanci harafin g idan ya zo kafin i yakan koma sauti mai kama da j, shi ya sa aka cusa u a tsakani aka sami Guidan. Wasalin u na Hausa da baƙin w duka da ou ake rubuta su. Sautin j ya zama dj, sautin c ya zama tch, sautin sh ya zama ch. Sautukan da Faransanci ba shi da su kuwa an bar su ba alama, shi ya sa Maraɗi ta zama Maradi, kalmar ɗan kuma ta zama Dan a sunayen mutane da garuruwa.

Ita ma ƙa'idar Hausa tana da nata tarihi. A 1912 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubuta Hausa da haruffan boko a Arewacin Nijeriya, sannan a shekarun 1930 aka shigo da baƙaƙe masu ƙugiya. A 1966 hukumar UNESCO ta kira taro a Bamako kan haruffan wasu harsunan Afirka ta Yamma, kuma bayansa aka riƙa ninka wasali a rubutun Nijar domin nuna tsayinsa. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da ƙa'idojin ƙasashen biyu, aka bar ninka wasali. A 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da haruffan Hausa da ake aiki da su a ƙasar.

Duk da haka, yawancin waɗanda suka yi makarantar boko a waɗannan gundumomi da Faransanci suka koyi karatu. Irin wannan mai karatu idan ya ga kalmar ci zai iya furta ta si, idan ya ga cuta ya ce kuta, kafin ma'anar jimlar ta gyara masa harshe. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ko makarantar da ake koyarwa da harshen gida kuma, rubutu irin na tchi da mou ne zai ɗaure masa kai. Ɗalibin yana da masu karatu iri biyu a gaban fosta guda.

Mafitar da ta fi dacewa ita ce raba aiki. Saƙon fosta ya bi ƙa'idar Hausa tsantsa, domin ita ce take da doka da littattafai a bayanta, kuma ita ce ke bambance baƙaƙen da tsarin Faransanci ya bari ba alama. Sunan gari a adireshi da hatimi yana iya zuwa a sigar da ke cikin takardun rajistar ƙungiyar, tunda da ita za a neme ta a ofis. Abin gudu shi ne gauraya tsarin biyu a layi ɗaya. Haka kuma ɗalibin zai sauƙaƙa wa kowa idan ya zaɓi babban take da kalmomin da tsarin biyu ba su yi nisa da juna a kansu ba.

Ƙugiyar da ke juya magana

A ce ɗalibin ya zaɓi taken Mu kare itatuwan gonakinmu. Kalmar kare a nan tana nufin tsarewa. Idan aka ɗora wa harafin farko ƙugiya sai ta zama ƙare, taken kuma ya koma kira ga manoma su gama da itatuwan. Wani zai ce ai a wannan misali barin ƙugiya shi ne daidai, don haka babu abin damuwa. Amsar ita ce, harafi marar ƙugiya yana da tabbatacciyar ma'ana ne kawai a rubutun da ke sa ƙugiya inda ta dace. Fostar da ta rubuta kasa a madadin ƙasa a layi na biyu ta riga ta shaida wa mai karatu cewa ba a dogara da haruffanta, saboda haka yana da damar ya yi shakkar layi na farko. Misalan irin wannan suna da yawa: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bata da ɓata, daka da ɗaka.

Sau da yawa laifin yana ga samfurin haruffan da aka zaɓa a kwamfuta. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, ya ƙunshi baƙaƙen Hausa masu ƙugiya tun farkon shekarun 1990, amma bai tara su a rukuni ɗaya ba. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin haruffan nazarin furuci, manyansu kuma suna wani rukuni tare da ƙ da ƴ. Kamfanin da ya zana haruffa don kasuwar Turai yana iya tsallake rukunan gaba ɗaya, ko ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Idan harafin ya ɓace, manhaja takan aro shi daga wani samfuri dabam, sai a ga ƙ siririya a tsakiyar kalma mai kauri, ko kuma ta ajiye ɗan akwati a gurbinsa. Daga nan ne mai ɗab'i da ke cikin sauri kan goge akwatin ya sa k ya wuce. Akwai samfuran da suka cika, kuma kyauta ake samun su, kamar Noto na kamfanin Google, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL. An zana Andika musamman saboda masu koyon karatu.

Samun harafin ma bai wadatar ba, sai an gan shi daga nesa. A manyan baƙaƙe masu kauri, ƙugiyar Ƙ takan ƙanƙance har ta yi kama da K ga wanda ke wucewa a kan babur. Ya kamata ɗalibin ya buga taken, ya manna shi a bango, ya ja da baya taku ashirin ya duba. Ya kuma tuna cewa a ƙauye sau da yawa mai fenti ne zai kwafi zanen da hannu a jikin bango ko allon ƙarfe, kuma duk abin da bai fito sarai a takarda ba, ba zai kai bangon ba.

A nan ne bambancin da ya rage tsakanin Nijar da Nijeriya yake da amfani ga mai zane. Nijeriya tana rubuta 'y da ɗan waƙafi a sama, Nijar kuma tana da harafi guda, wato ƴ. Waƙafin da ke rataye a gefen kalma shi ne abu na farko da kan faɗi idan aka matse tambari, sai ƴaƴan itace su koma yayan itace. Harafin Nijar ya fi jure wannan matsi domin alamarsa tana manne da jikinsa.

Wace Hausa?

Bayan haruffa sai kalmomi. Hausar Tibiri da kewayenta Gobiranci ce, ta ɓangaren Aguié da Gazawa kuma ta fi kusa da Katsinanci. A yankin ana jin munka da sunka inda Kano ke cewa muka da suka, ana jin h a gurbin f a kalmomi da dama, kuma a Gobiranci na da ta ne ke aikin ne da ce. Wannan kari ya daɗe da hawa bango. A da, jam'iyyun siyasar Nijar sun saba haɗa gajerun haruffan Faransanci da suna na harshen gida, kamar PNDS-Tarayya da CDS-Rahama, kuma ɗaya daga cikinsu, ANDP-Zaman Lahiya, ta rubuta sunanta da h kamar yadda jama'a ke furtawa.

Abin lura shi ne ƙa'idar rubutu dabam, zaɓin kalma dabam. Ɗalibi yana iya ɗaukar kalmar da manomin Aguié ke amfani da ita ya rubuta ta bisa ƙa'ida. Kalmar bishiya, wadda littattafan Kano suka saba da ita, ba ta kai icce da itace shiga kunne ba a nan. Abin da Kano ke kira gyaɗa, gujiya ce a Maraɗi, kuma idan aka ce hatsi gero ake nufi. Lissafin kuɗi ma haka yake. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya tana daidai da sefa 5, jika kuma sefa 1000. Idan fosta ta ce kuɗin shiga ƙungiya 100 ne ba ta fayyace ba, wani zai fahimci dala ashirin, wani kuma dala ɗari, wato ninki biyar na abin da ake nufi.

Wakilin suna shi ma yana ɗauke da nauyi. An daɗe manoman Nijar suna ɗaukar itacen gona a matsayin kayan hukuma, wanda taɓa shi ke jawo tara daga ma'aikatan gandun daji, kuma sassabin zamani bai yi ƙarfi ba sai da manomi ya amince cewa itacen da ya raya shi zai amfana da shi. Taken da ya fara da Kada a sare yana da muryar tsohuwar doka, domin wakilin suna a ba ya nuna mai magana, kuma shi ne salon sanarwar hukuma. Taken da ya ce gonarka kuwa ya kawo batun mallaka, amma ya fuskanci namiji kaɗai, tunda Hausa tana bambance ka da ki. Mata su ne masu neman itacen girki, kuma da yawa suna da gamanarsu da suke nomawa. Jam'i, wato ku ko mu, shi ne ke tattaro kowa.

Hoto ma magana ne

Masanin falsafa ɗan Amurka, Charles Sanders Peirce, ya kasa alamomi gida uku. Akwai alamar da ke kama da abin da take wakilta, kamar hoton itace. Akwai wadda ke nuni gare shi ta hanyar wata alaƙa, kamar hayaƙi da wuta. Akwai kuma wadda al'umma ce kawai ta yarda da ma'anarta, kamar kalma ko tuta. Ɗaliban zane kan ɗauka cewa kashi na farko kowa na gane shi, amma kamannin ma sai wanda ya san abin ne ke tabbatar da shi.

Gawo ya isa misali. Itace ne da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa ba ya hana hatsin da ke ƙarƙashinsa samun rana, kuma wannan ne babban dalilin da manoma ke son sa a gona. Ɗalibin da ya zana gawo cike da ganye a kan hatsi mai kore shar ya haɗa damina da rani a hoto ɗaya. A aji za a yaba wa launin. A Ɗan Saga kuwa manomi zai gane nan take cewa mai zanen bai san gona ba, kuma wanda aka kama da rashin sani a hoto da wuya a saurare shi a rubutu. Haka nan idan fosta ta nuna mai saran itace da shigar da ke nuna wata ƙabila ko sana'a, misali makiyayi, to ta ɗora laifi a kan jama'a guda ba tare da ta furta kalma ba, a yankin da zaman manoma da makiyaya ke bukatar lallami.

Shi tambari ya fi karkata ga kashi na uku. A Hausa kalmar ita ce kuma sunan gangar sarauta, kuma aikin biyun ya yi kama, domin kowanne yana sanar da mai shi tun kafin a gan shi. Ƙasar Hausa tana da rumbun irin waɗannan alamomi a zanen gidaje da aikin riguna, kamar dagi da aska takwas. Sai dai kowace alama tana zuwa da tarihinta. Dagi ya zama alamar Arewacin Nijeriya tun zamanin Sardauna, don haka ƙungiyar Gazawa da ta ɗauke shi za ta iya kama da baƙuwa daga tsallaken iyaka. Zangarniyar hatsi da kan sa da rana suna cikin tambarin Jamhuriyar Nijar, kuma haɗa su wuri ɗaya zai sa ƙungiyar manoma ta yi kama da ofishin gwamnati. Launi ma yana da nasa tarihi, domin ruwan hoda ya daɗe yana tuna wa ƴan Nijar jam'iyyar Tarayya. Ban da wannan, tambarin ƙungiyar ƙauye zai ƙare ne a hatimin roba da jikin buhu, da launi ɗaya, don haka wanda ba ya tsayuwa sai da launuka huɗu bai cika aikinsa ba.

Akwai kuma batun alƙiblar karatu. Fostar sassabin zamani takan nuna matakai a jere: kututture, da zaɓen rassa, da itacen da ya girma. Mai zane ya saba jera su daga hagu zuwa dama. Amma mutane da yawa a waɗannan gundumomi a makarantar allo suka fara karatu, idonsu kuma ya saba farawa daga dama. Wanda ya bi hotunan ta wannan hanya zai ga babban itace ya koma kututture. Jera matakan daga sama zuwa ƙasa yana kawar da matsalar. Ƙara layi ɗaya na ajami kuma yana buɗe fostar ga masu karatun da boko bai kai gare su ba, kuma jama'ar yankin sun saba ganin ajami a manyan takardun naira da ke yawo a kasuwannin kan iyaka.

Gwajin kasuwa

A karkarar Nijar waɗanda suka iya karatun boko ba su kai rabin manya ba. Wannan yana nufin fosta takan isa ga yawancin jama'a ta bakin wani: ɗan makaranta ya karanta wa mahaifinsa, ko mai shago ya karanta wa masu zama a bencinsa. Rubutun da ke kanta magana ce da za a furta, don haka da kunne ya kamata a auna ta.

Gwajin ba shi da wuya. Ɗalibin ya ɗauki zanensa ya tafi kasuwa, ya miƙa shi ga mutum huɗu: wanda ya yi makarantar Faransanci, da wanda ya koyi rubutun Hausa, da wanda ya yi karatun allo, da wanda ba ya karatu ko kaɗan. Kada ya yi musu bayani. Ya roƙi masu karatu su karanta a bayyane, ya lura da inda harshensu ya yi tuntuɓe. Ya tambayi na huɗun abin da hoton ke cewa, da kuma wanda yake zaton ya aiko da shi. Duk inda amsa ta saɓa wa niyya, zanen ne ke bukatar gyara.

Kammalawa

Tun 1997, lokacin da Rodrigue Landry da Richard Bourhis suka yi nazarin harsunan da ke bayyana a allunan tituna da shaguna, wannan fanni ya zama reshe mai zaman kansa a nazarin harshe da al'umma. Hanyar da ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri da Aguié da Gazawa fage ne a buɗe ga mai son irin wannan bincike. Ɗaliban harshe suna iya ɗaukar hotunan allunan shaguna da asibitoci da makarantu, su ƙirga masu bin ƙa'idar Hausa da masu bin ta Faransanci da masu ajami, su ga inda ƙugiya ke faɗuwa da dalilin faɗuwarta. Daga sakamakon ana iya fitar da takarda mai shafi ɗaya ga masu ɗab'i da masu fenti na Maraɗi, wadda ta ƙunshi baƙaƙe masu ƙugiya manya da ƙanana, da sunayen samfuran haruffan da ke da su, da jerin kalmomin da aka fi kuskurewa.

Shi kuwa ɗalibin zane, makin da malami ya ba shi yana ƙarewa ne a takardar sakamako, amma fostar da aka kwafa a bangon wata ma'ajiyar hatsi za ta yi shekaru yara suna koyon haruffa daga jikinta. Wannan ya isa dalilin da zai sa ya nemi abokin aiki daga sashen harsuna tun ranar da aka ba shi aikin, kafin zanen ya kai hannun mai ɗab'i.